Maganin fara na fumfuna: Kafin a yi feshi, a fara tambayar tafki

Idan ruwan farko mai ƙarfi ya sauka, kududdufin bayan gari kan cika a dare ɗaya. Bayan 'yan kwanaki, duk wanda ya tsuguna a bakinsa ya ɗebo ruwan a ƙwarya, ya bari ya natsa, zai ga wasu 'yan mitsi-mitsin halittu suna motsi a ciki. Wasu suna tsalle-tsalle kamar ƙuma. Wasu masu ɗan tsawo ne, jikinsu garai-garai, suna iyo a rigingine. Muna yara tsutsar ruwa kawai muke ce musu, mu tace da gefen riga mu zubar.

Ashe ba tsutsa ba ce. Waɗannan halittu dangin ƙaguwa ne da jatan lande, sai dai su ƙanana ne ƙwarai. Su ne abincin farko na 'ya'yan kifi, kuma da su da ƙwarin da ke cin su tsuntsayen ruwa ke rayuwa.

Abin da ya sa na tuno da su shi ne yadda ake ta yabon wani salon yaƙi da ƙwarin gona, wato amfani da fumfuna mai rai a maimakon guba. Ina cikin masu goyon bayan wannan salo, kuma zan faɗi dalilaina. Amma akwai kalmar da ake yawan jingina masa wadda ba ta kwanta mini ba: wai tunda abin halitta ne ba sinadari ba, to ba ya cutar da komai. Wannan zato ne, ba hujja ba. Hujja tana samuwa ne idan an gwada, kuma wurin da ya fi cancanta a fara gwadawa shi ne ruwan da muke sha, muke shayar da dabbobi, muke kama kifi.

Yadda fumfuna ta zama maganin fara

Labarin ya faro ne daga annobar farin dango ta shekarun 1986 zuwa 1989, lokacin da aka malala guba mai yawan gaske a ƙasashen Sahel. Ƙasashen da suka biya kuɗin aikin sun damu da tsadarsa da kuma ɓarnar da ya yi wa muhalli. A 1989 aka kafa wani shirin bincike mai suna LUBILOSA, wanda ya haɗa cibiyar CABI ta Birtaniya, da reshen cibiyar IITA da ke Kwatano a Jamhuriyar Benin, da masana kare amfanin gona da ke Yamai, da hukumar GTZ ta Jamus. Shirin ya ci gaba har zuwa 2002.

Abin da suka dogara da shi wata fumfuna ce da a yau ake kira Metarhizium acridum. Tsatson da aka gina maganin a kansa an samo shi ne a jikin wata fara da ta mutu a kusa da Yamai. Wato maganin ɗan gida ne, a ƙasar Nijar aka tsince shi.

Yadda take aiki kuwa shi ne: ƙwayar irinta, mai kama da koriyar ƙura, takan manne a jikin fara. Daga nan ta tsiro, ta narkar da ɓawon jikin da wasu sinadarai da take fitarwa, ta huda ta shiga ciki, ta yaɗu a jinin farar har ta kashe ta. Masanan LUBILOSA sun gano cewa idan aka dama irin a cikin mai a maimakon ruwa, yana aiki ko a busasshiyar iskar Sahel, kuma ana iya fesa shi da injinan feshin da ake da su. Haka aka samu maganin da aka sa wa suna Green Muscle.

An gwada shi a fili mai faɗi a yankin Maine-Soroa da ke gabashin Nijar a 1996 da 1997, aka kwatanta shi da gubar fenitrothion. Gubar ta kashe fara nan take, amma ba a daɗe ba wasu farin suka sake cika filin. Fumfunar ta yi nawa, domin takan ɗauki mako ɗaya zuwa uku, amma da ta kama, sai yawan farin ya ci gaba da zama ƙasa na tsawon makonni.

Duk da haka, da farin dango suka dawo a 2003 zuwa 2005, guba aka sake komawa. An fesa kimanin lita miliyan 13 a ƙasashen Arewa da Yammacin Afirka. Mutanen Nijar ba za su manta da wannan lokaci ba, domin fara da ƙarancin ruwan 2004 ne suka haifar da yunwar 2005. Sai daga baya fumfunar ta samu karɓuwa. A 2009 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta yi amfani da ita a kan kimanin hekta 10,000 a Tanzaniya don daƙile jar fara. A annobar da ta faro a 2019 kuwa, an fesa ta a fili fiye da hekta 100,000 a Somaliya.

A lura da wuraren da aka fesa a Tanzaniya: gandun dajin Katavi, da filayen tafkin Rukwa, da kwarin kogin Malagarasi. Duk wurare ne masu dausayi. Da gangan aka zaɓi fumfuna a can, saboda guba ba ta dace da wurin ruwa ba. Wannan shi ne tushen maganata. Maganin da aka ware domin a kai shi inda ake tsoron kai guba, shi ya fi kowane magani buƙatar a san abin da yake yi wa halittun ruwa.

Me ya haɗa fara da ƙaguwa?

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan maganin fara da ƙaguwa? Amsar tana jikinsu. Fara da ƙaguwa da jatan lande duk ba su da ƙashi a ciki. Ɓawo ne ya rufe su daga waje, kuma ginshiƙin ɓawon abu ɗaya ne, wani sinadari da ake kira kaitin. Dukansu sukan yi saɓa idan za su girma. Binciken ƙwayoyin gado ma ya nuna cewa ƙwari reshe ne da ya fito daga cikin babban gidan su ƙaguwa. Saboda haka fumfunar da ta iya huda ɓawon ɗaya, ba wauta ba ce a tambaya ko za ta iya huda na ɗan'uwansa.

Akwai kuma hanya ta biyu. Yawancin ƙananan halittun tafki tace ruwa suke yi su ci abin da ke ciki, ba sa zaɓe. Duk abin da ya kai girman abincinsu haɗiye shi suke yi, kuma ƙwayar irin fumfuna ba ta wuce wannan girman ba. A 2013 masu bincike a Jami'ar Swansea ta Birtaniya sun nuna cewa irin Metarhizium ba ya manne wa fatar tsutsar sauro kamar yadda yake yi wa ƙwarin tudu. Haɗiye shi tsutsar take yi, kuma ta cikin hanjinta yake galabaitar da ita har ta mutu. Idan haka abin yake ga tsutsar sauro, dole a duba maƙwabtanta da ke cin abinci a ruwa ɗaya da ita.

Wane ne zai yi asara?

Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa a Kano da Kaduna da sauran garuruwa sun san Artemia, ƙwan da ake shigowa da shi a gwangwani da tsada, a ƙyanƙyashe shi a ruwan gishiri a ba 'ya'yan kifi a kwanakinsu na farko. To wannan halittar mai iyo a rigingine a kududdufinmu 'yar'uwar Artemia ce ta kusa. Masana suna kiran ta Streptocephalus. Mai tsalle kamar ƙuma kuwa, irin su Moina, wasu masu kiwon kifi ma kiwon su suke yi a kwatami don su rage kuɗin Artemia.

Abin da mai kiwo ke saye da kuɗi, shi fadama ke samarwa kyauta. Idan kogi ya yi ambaliya ya shiga fadamun Haɗeja da Nguru, ko na Rima, ko gaɓar tafkin Chadi, kifi kan bi ruwan ya zuba ƙwai. 'Ya'yan da suka fito ba su iya cin komai sai waɗannan ƙananan halittu. Idan feshi ya share su a makonnin da ake buƙatarsu, ba za a ga gawar kifi tana yawo a saman ruwa ba, balle a yi kururuwa. Sai dai bayan watanni masunci ya jefa birgi ya jawo ba komai, ya ce bana ruwa bai yi kifi ba. Ɓarnar da ba a gani ita ta fi wuyar kamawa, shi ya sa ake gwaji tun kafin a fesa.

Abin da aka gani a Senegal

An taɓa yin wannan gwaji a yankinmu, kuma an yi shi da kyau. A shekarun 1990 akwai wani shiri na FAO da gwamnatin Senegal mai suna Locustox, wanda aikinsa shi ne binciken illar magungunan fara ga muhalli. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Joost Lahr, da abokan aikinsa 'yan Senegal sun yi aiki a kan tafkunan damina na yankin Nioro du Rip.

Sun fara da fesa wa wasu tafkuna gubar da ake amfani da ita a yaƙin fara, suka bar wasu don kwatanci. Gubar deltamethrin da ta diflubenzuron sun yi wa dangin jatan lande mummunar ɓarna. Ƙumar ruwa ta farfaɗo bayan wasu makonni. Ƙwarin ruwa masu fiffike sun dawo daga wasu tafkunan. Amma Streptocephalus ba ta dawo ba sai damina ta zagayo, domin ƙwanta sai ya bushe a laka ya yi rani kafin ya ƙyanƙyashe. Feshin yini ɗaya, asarar shekara guda.

Sannan suka koma ɗakin gwaji da halittu biyu na tafkin Sahel: Streptocephalus sudanicus, da wani ƙwaron ruwa mai iyo da baya, Anisops sardeus. Suka gwada musu magungunan guba 11 da kuma irin fumfunar fara, na tsawon awa 48. An wallafa sakamakon a 2001. Yawancin gubar ta faɗa rukunin masu tsananin illa, wato ƙasa da miligiram ɗaya a lita ɗaya ta ruwa ya isa ya kashe ko ya kassara rabin halittun. Fumfunar kuwa illarta kaɗan ce ga ƙwaron. Ga Streptocephalus ta faɗa rukunin matsakaiciyar illa, wato tsakanin miligiram 1 zuwa 10 a lita.

Kalmar matsakaiciya za ta iya tayar wa mutum hankali, don haka bari mu yi lissafi. Ana fesa giram 50 na irin fumfunar a hekta ɗaya. A ce jirgi ya yi kuskure ya zuba shi duka a kan tafki mai faɗin hekta ɗaya da zurfin rabin mita. Ruwan da ke ciki lita miliyan 5 ne. Idan aka raba, kowace lita za ta samu miligiram 0.01. Wannan ya gaza mafi ƙarancin adadin da ke cikin wancan rukuni har sau 100. Ko da tafkin ya janye ya koma zurfin santimita 10, abin da za a samu miligiram 0.05 ne, wato da sauran tazarar ninki 20.

Wannan labari ne mai daɗi, kuma shi ya sa nake goyon bayan maganin. Amma a lura da abu biyu. Na farko, ba a samu sifili ba. Fumfunar da ake cewa fara kaɗai take taɓawa ta taɓa ɗan jatan lande da aka cika masa ita. Na biyu, ba mu san wannan tazara ba sai da wani ya shiga tafki da raga, ya kamo halittun, ya zauna ya ƙirga. Kwanciyar hankalin da muke da ita a kan Green Muscle gwaji ne ya saya mana ita, ba kalmar "abin halitta" ba.

Darasi daga Fulorida

Fumfunar fara mai zaɓen abinci ce, kusan dangin fara kaɗai take kamawa. 'Yan'uwanta ba haka suke ba. Metarhizium anisopliae da Beauveria bassiana suna kama ɗaruruwan nau'o'in ƙwari, kuma wasunsu suna fitar da guba tasu ta kansu. Su ne aka fi sayarwa a duniya don maganin ƙwarin lambu da na gona.

A shekarun 1990, wani ɗakin bincike na Hukumar Kare Muhalli ta Amurka da ke Gulf Breeze a Jihar Fulorida ya gwada su a kan halittun bakin teku, a ƙarƙashin wani masani mai suna Fred Genthner. A wasu gwaje-gwajen, irin Metarhizium anisopliae ya manne a ƙwan wani ƙaramin jatan lande, ya tsiro, ya huda ɓawon ƙwan ya kashe ɗan da ke ciki. Wato tsoron da aka yi ba tatsuniya ba ne.

A wani gwajin kuma, sun zuba irin Beauveria bassiana mai yawa a ruwan da wasu ƙananan dangin jatan lande ke ciki, suka mutu da yawa. Da a nan aka tsaya, da an yanke hukuncin cewa fumfunar ta kama su. Amma masanan sun tanadi wani rukuni da aka zuba wa irin da aka riga aka kashe da zafi. Su ma suka mutu. Ashe ba cuta ce ta kashe su ba, cunkoson ƙura ne a cikin ruwan. Sai dai da aka ware gubar da fumfunar ke fitarwa, mai suna beauvericin, aka gwada ta ita kaɗai, an ga tana kashe su ko da kaɗan ce.

Darasin da ke nan shi ne, gwajin kirki yana kare ɓangare biyu. Yana kare tafki daga maganin da ke da illa, yana kuma kare magani mai kyau daga ƙazafi. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Inda gwajin da aka saba ya gaza

Kamfanin da ke neman rajistar magani yakan kawo takardun gwaji, kuma galibi akwai na halittun ruwa a ciki. To mene ne abin ƙorafi? Abubuwa huɗu ne.

Na ɗaya, halittar da ake gwadawa. Ƙa'idar da aka fi bi a duniya, ta ƙungiyar OECD, tana amfani da ƙumar ruwa mai suna Daphnia, musamman Daphnia magna, wadda ta fi yawa a ƙasashe masu sanyi. Gwajin Senegal ya nuna cewa ko halittu biyu na tafki ɗaya ba sa jin magani iri ɗaya: malathion bai dami Streptocephalus sosai ba alhali yana da tsananin illa ga ƙwaron, diflubenzuron kuma akasin haka. Idan maƙwabta sun bambanta haka, ina ga baƙo daga Turai?

Na biyu, zafi. Ana yin gwajin Daphnia a ruwa mai digiri 18 zuwa 22 a ma'aunin Salshiyos. Kududdufin Sahel da tsakar rana yakan haura digiri 30. Fumfuna abu ne mai rai, zafi yana sauya saurin tsirowarta. Ita kanta fara idan ta kamu takan shanya jikinta a rana don ta ɗaga zafinsa ta rage wa cutar ƙarfi. Sakamakon ruwan sanyi zai iya fin gaskiyar tafkinmu muni, zai iya kuma fin ta kyau. Ba a sani sai an auna a zafinmu.

Na uku, lokaci. Gwajin awa 48 an tsara shi ne domin guba, wadda ke aiki nan da nan. Fumfunar da ke ɗaukar mako biyu kafin ta kashe fara, me za a gani a kanta cikin kwana biyu? Akwai gwajin kwana 21 da ke duba ko halittar tana ci gaba da haihuwa, kuma shi ya fi dacewa da magani mai rai. Ga Streptocephalus ma tambayar ta wuce nan: shin ƙwan da ta bari a laka zai ƙyanƙyashe baɗi?

Na huɗu, abin da aka dama maganin da shi. Ba a fesa irin fumfuna tsurarsa. A yaƙin fara, da man dizal ake yawan dama shi. Mai kuwa a saman ruwa yake shimfiɗuwa, inda ƙwarin ruwa ke leƙowa su shaƙi iska. Shi kansa irin ba ya son jiƙa, yakan taso sama, iska ta kora shi gefe guda. Wato lissafin da muka yi ɗazu, wanda ya ɗauka cewa maganin ya gauraya daidai da ruwan tafki duka, zai iya ɓoye wani lungu da abin ya taru. Don haka abin da za a gwada shi ne abin da ke fita daga bakin injin feshi, ba abin da ke cikin kwalbar ɗakin bincike kaɗai ba.

Masu cewa ɓata lokaci ne

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce kullum ana zuba wa fadamunmu guba ba tare da kowa ya ce uffan ba. Mai noman rani yana wanke injin feshinsa a bakin rafi. Jirage suna feshin tsuntsayen jan-baki a kusa da gonakin shinkafa. Me ya sa sai maganin da ya fi sauƙin illa za a ɗora wa sharuɗɗa? Duk shekarar da aka jinkirta shi, ai shekara ce da aka ƙara wa guba.

Gaskiya ne, kuma ba na kiran a dakatar da fumfunar fara. An gwada ta, ta nuna tazara mai faɗi, a ci gaba da amfani da ita, a ma ƙara. Idan aka ba ni zaɓi tsakaninta da deltamethrin a kusa da tafki, ba zan yi dogon tunani ba. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki shaidar da aka ba tsatso ɗaya a rataya wa duk wata fumfuna. Tun da tsutsar nan mai cin masara ta ɓulla a Najeriya a 2016, ake ta neman magungunan halitta da za su maye gurbin guba. A Burkina Faso, a ƙauyen Soumousso kusa da Bobo-Dioulasso, an gwada wata Metarhizium da aka sauya wa ƙwayoyin gado ta riƙa fitar da dafin gizo-gizo a jikin sauro. An yi gwajin ne a cikin wani killataccen wuri da aka rufe da raga, kuma sakamakon da aka wallafa a 2019 ya nuna yawan sauron ya faɗi da fiye da kashi 99 cikin 100 a kwana 45. Irin waɗannan magunguna suna tafe, kuma kowannensu da halinsa.

Kuma gwajin ba shi da tsadar da ake zato. Kofunan gilashi ne, da raga, da madubin ƙara girma, da ɗalibi mai haƙurin ƙirga. Kuɗin awa kaɗan na jirgin feshi zai ɗauki nauyinsa.

Wasu kuma za su ce, su waɗannan halittu ba su ne suka riƙa sa mana kurkunu ba? Haka ne. Wani ɗan ƙaramin dangin nasu mai suna Cyclops shi ke ɗauke da tsutsar kurkunu, kuma da gangan aka riƙa zuba maganin Abate a tafkuna don a kashe shi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Najeriya da Nijar sun rabu da cutar. Amma wancan hukunci ne da aka yanke ido buɗe: an san abin da ake kashewa, an san dalili, an san tafkin da za a sa wa. Ya bambanta da a share halittun ruwa bisa kuskure ba wanda ya sani. Sannan a cikin dangin Cyclops ɗin akwai masu cin tsutsar sauro, har an yi amfani da su a Biyetnam wajen yaƙi da sauron zazzaɓin dengi. Garin neman gira kada a rasa ido.

Abin da ya kamata a yi

Hukumomin da ke yi wa magungunan ƙwari rajista, wato NAFDAC a Najeriya da Kwamitin Magungunan Ƙwari na Sahel da ke Bamako wanda Nijar ke ciki, su sa sharaɗi bayyananne: duk maganin fumfunar da za a yi amfani da shi a fadama, ko gonar shinkafa, ko ta jirgin sama, sai an gwada shi a kan aƙalla nau'i ɗaya na dangin jatan lande na tafkunanmu. A yi shi a zafin ruwanmu, na tsawon makonni, da cikakken haɗin da za a fesa, tare da rukunin kwatanci na mataccen iri. Kowane tsatso da takardarsa.

Masu yin aikin muna da su. Akwai Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa, da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi a Maiduguri, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, da cibiyar AGRHYMET a Yamai, ga kuma sassan nazarin halittu na jami'o'inmu da ɗalibansu ke neman abin da za su yi bincike a kai kowace shekara. Hanyar gwajin ma ba sai an ƙirƙiro ta ba, Locustox ya riga ya rubuta ta da halittun da ke kududdufinmu.

Hukumomin da ke feshi, su bar tazara tsakanin inda suke fesawa da bakin ruwa ko da fumfuna ce, su kuma ɗebi samfurin ruwa kafin feshi da bayansa. A sanar da sarkin ruwa da masunta da makiyaya ranar da za a yi, domin su ne za su fara ganin sauyi idan an samu.

Takardar da ke jikin kwalba ta faɗi gaskiya da harshen da manomi ke ji. Idan an gwada a kan halittun ruwa, a rubuta. Idan ba a gwada ba, a rubuta cewa a nisanta shi da ruwa. Kai kuma ɗan'uwa manomi, ko me aka ce maka game da magani, kada ka wanke injin feshi a rafi ko tafki, kada ka zubar da ragowar a magudanar da ke kai wa can.

An samo wannan magani a jikin farar Nijar, an gwada shi a gonakin Maine-Soroa, an auna illarsa a halittun tafkunan Senegal. Da irin wannan taka-tsantsan ya samu amincewar duniya. Magungunan da ke biye da shi su ma su bi ta ƙofar da ya bi. Manomi yana son geronsa ya tsira daga fara, masunci yana son ya tarar da kifi idan ruwa ya janye, kuma sau da yawa a garuruwanmu mutum ɗaya ne manomin da masuncin.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mana amfanin tudu da na ruwa.